Kiran 112 da 767 a Legas: me mutum zai faɗa idan Turanci ya gagare shi?

Baban Safiya, Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mutanenmu suke kiran lambobin gaggawa a garin nan. Da yawa daga cikinmu sun san 767 da 112, kuma sun san cewa kiran kyauta ne, ko babu sisi a layin mutum zai shiga. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne abin da ke faruwa bayan an ɗauka. Mai ɗaukar wayar da Turanci zai fara, alhali mai kiran wataƙila ɗan dako ne ko mai shayi ko mai gadi wanda bai daɗe da zuwa daga Jigawa ko Maraɗi ba, kuma ɗan Turancin da yake da shi na ciniki ne, wanda tashin hankali yake kwashe shi gaba ɗaya. Ina roƙon masu aikin lafiya da direbobi da duk wanda ya taɓa yin irin wannan kiran ya faɗa mana abin da ya kamata mutum ya faɗa, da kuma wanda zai fara faɗa, domin mu isar wa waɗanda ba sa karatu.

Maman Hanif, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka da alheri da ka kawo wannan magana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da zan fara cewa shi ne mutum ya fahimci wanda yake magana da shi. Wanda ya ɗauki wayar ba shi ne zai zo ba. Yana zaune ne a cibiyar karɓar kira ta jiha da ke Alausa, aikinsa shi ne ya rubuta abin da ya ji sannan ya miƙa shi ga waɗanda abin ya shafa: 'yan kwana-kwana idan gobara ce, motar asibiti ta LASAMBUS idan ciwo ne ko rauni, hukumar agajin gaggawa ta jiha, LASEMA, idan gini ne ya rushe ko babban haɗari, 'yan sanda idan fashi ne ko rikici. Ba ya ganin komai, kunnensa kaɗai ne a wurin. Saboda haka abin da bai ji ba, ko ya ji bai gane ba, kamar bai faru ba ne a wajensa.

A ganina wuri ne farko, kafin komai. Idan mutum ya faɗi inda yake sannan waya ta yanke ko caji ya ƙare, an riga an san inda za a nufa. Idan kuwa ya ɓata minti biyu yana ba da labarin yadda abin ya faro, sannan layi ya katse, to bai bar musu komai a hannu ba. Bayan wuri sai abin da ya faru a kalma ɗaya ko biyu, sai yawan mutanen da abin ya shafa, sai ko mutumin yana numfashi kuma yana cikin hayyacinsa. Kalmomin da ake buƙata ba su da yawa, kuma mafi yawansu mun riga mun saba da su a bakinmu: faya, asidan, ambulan, folis. A faɗe su a hankali, a maimaita, ba tare da ɗaga murya ba, domin ihu a cikin waya yana dagula magana ne kawai.

Sannan akwai gaisuwa. Mun taso ba ma shiga magana sai mun yi sallama mun tambayi lafiya da aiki, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a wannan kiran babu wanda zai ga rashin ladabinka idan ka fara da sunan unguwa.

Direban Tanka, Apapa:

Hajiya ta yi gaskiya a kan wuri, sai dai ina so in ƙara cewa a Legas faɗin sunan unguwa kaɗai ba ya wadatarwa, saboda sunaye suna maimaita kansu. Akwai Ajegunle ta ɓangaren Apapa, akwai Ajegunle a kan hanyar Ikorodu gaba da Mile 12, akwai kuma wata a kan hanyar Abeokuta wajen Alagbado. Akwai Berger ta Ojodu inda ake fita zuwa Ibadan, akwai Berger ta wajenmu kusa da Kirikiri. Akwai Sabo a Yaba, akwai Sabo a Ikorodu. Alaba Rago daban, Alaba Suru daban. Mile 2 da Mile 12 kuwa, idan waya ba ta fita sosai kuma harshe ya ɗan karkace, sai a ji su kamar abu ɗaya, alhali ɗaya tana hanyar Badagry ɗaya tana hanyar Ikorodu. Shi ya sa ni nake haɗa suna biyu a koyaushe: Mile 12 Ketu, ko Mile 2 Festac. Suna na biyun shi yake gyara na farkon idan an ji shi ba daidai ba.

Mu da muke kan titi akwai wani abu kuma, wato hannun da kake. Gadar Third Mainland ta kusa kilomita 12, kuma wanda ya ce yana kan gadar kawai bai faɗi komai ba, sai ya ce yana tafiya Lagos Island ne ko yana komawa Oworonshoki, kuma ya wuce mahaɗar Adekunle ko bai kai ba. Idan motar agaji ta hau hannun da ba shi ba, sai ta yi doguwar tafiya kafin ta zagayo, kuma kun san abin da hakan yake nufi a cunkoson garin nan. Haka nan a faɗi abin da motar ta ɗauko. Tankar fetur da ta faɗi ba ɗaya take da tirelar siminti ba, domin gobarar mai da kumfa ake kashe ta, kuma dole a tare hanya tun daga nesa. Wanda ya tuna abin da ya faru a gadar Otedola a watan Yunin 2018, inda tanka ta kama da wuta motoci da dama suka ƙone, ya san cewa kalmar fetur ko gas ita ce ta biyu bayan wuri. A manyan hanyoyi kuma akwai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa.

Alhaji Mai Raguna, Alaba Rago:

Na karanta abin da kuka rubuta, kuma duk yana da amfani, amma ina ganin kun ɗora kayan duka a kan talaka. Yaron da ya ga ɗan'uwansa kwance cikin jini, shi ne za a ce ya tsara magana ɗaya bayan ɗaya cikin harshen da ba nasa ba? Hausawa ba jiya suka zo Legas ba. Kakanninmu suna fataucin goro da shanu a Agege tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna biyan kuɗin shiga a kowace kasuwa, kuma tumatir da albasa da naman da garin nan yake ci ta hannunmu suke shigowa. Ina ganin haƙƙinmu ne a tabbatar cewa a kowane lokaci, dare da rana, akwai mai jin Hausa a cikin masu ɗaukar wayar nan, kuma a sanar da jama'a hakan a rediyo da masallatai. Wannan shi ne gyara na gaskiya. Sauran duk dabarun maleji ne.

Abu na biyu da ba ku taɓa ba shi ne tsoro. Da yawa daga cikin yaranmu ba rashin Turanci ne kaɗai yake hana su kira ba, suna gudun kada a riƙe lambarsu, gobe a ce su zo su yi bayanin yadda aka yi mutumin ya mutu.

Baban Safiya, Agege:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarku tana kan hanya, kuma ban ga wanda zai musa ta ba. Sai dai neman haƙƙi yana ɗaukar lokaci, gobara kuwa tana iya tashi yau da dare. Ina ganin mu riƙe biyun tare.

Lauya Abban Yusra, Ikeja:

Ranka ya daɗe Alhaji, a kan batun tsoro zan ɗan yi bayani, domin doka ta yi magana a kai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mutumin da ke buƙatar taimakon gaggawa. Sannan akwai dokar 2017 a kan waɗanda aka harba da bindiga, wadda ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, su fara yi wa mutum magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kuma ta ce a mutunta wanda ya taimaka ya kawo shi. Ba na cewa kowa yana bin doka yadda take, amma ya kamata yaranmu su san cewa kiran agaji ba laifi ba ne, kuma wanda ya kira ya fi wanda ya gudu samun abin kare kansa, domin kiran nasa shaida ce cewa ceto ya nema.

Buƙatar da kuka kawo ta masu jin Hausa kuwa ba baƙon abu ba ce a duniya. A Ingila idan wanda ba ya jin Turanci ya kira 999, ana iya haɗa shi da tafinta ta waya, haka ma cibiyoyin 911 da yawa a Amurka. Abin da ake nema a wajen mai kira a can shi ne ya faɗi sunan harshensa. Saboda haka idan za mu rubuta takarda, muna da misalin da za mu kafa hujja da shi, kuma ba sai mun tsaya a kan Hausa kaɗai ba, domin akwai Zabarmawa da Barebari da Fulani a cikinmu, ga kuma 'yan Nijar da Faransanci ya fi musu sauƙi.

Ɗan Kasuwa, Mile 12:

To idan haka ne, ni shawarata ita ce da zarar an ɗauka mutum ya ce "Hausa, Hausa" ya yi ta maimaitawa har a ba shi mai jin Hausa. Hakan ya fi ya yi ta kame-kame da Turancin da bai iya ba.

Maman Hanif, Idi-Araba:

Ƙanina, a nan ban yarda da kai ba. Faɗin sunan harshe yana da kyau, amma kada ya zama shi ne farko, kuma kada mutum ya tsaya a kansa. Idan a wannan lokacin babu mai jin Hausa a kusa da wanda ya ɗauka, ko yana kan wani kiran, to minti nawa za ka yi kana jira alhali mutum yana zubar da jini? Ka fara da wuri da abin da ya faru, misali "Mile 12 Ketu, asidan, ambulan", sannan ka ce Hausa kake ji. Da waɗannan kalmomin ya riga ya sami abin da zai fara aiki da shi ko da bai samo maka kowa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne "yes". Mutanenmu idan ba su gane tambaya ba sai su amsa da "yes, yes" don kada a ce ba su ji ba, ko don a gama da wuri. Ka ɗauka an tambaye shi ko mutumin yana numfashi, shi kuma bai gane ba ya ce "yes". An rubuta ke nan cewa yana numfashi, kuma da wannan amsar za a auna gaggawar kiransa a cikin sauran kiraye-kiraye. Gara ya ce da buroka "I no hear, talk small small", ko ya miƙa wayar. Rashin gane tambaya ba abin kunya ba ne.

Kunya ita ma tana da nata ɓarnar. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da aka kawo a keke napep bayan ta haihu a gida, zaninta ya jiƙe sharkaf, leɓunanta sun yi fari, tana ta neman ruwa. Mijin ya ce ya kira, da na tambaye shi abin da ya faɗa musu sai ya ce ya gaya musu iyalinsa ba ta jin daɗi. A Hausa duk mun gane nauyin da ke bayan wannan maganar, amma wanda ke can ya ji ne kamar zazzaɓi. Abin da ya kamata ya faɗa shi ne mace ce, ta haihu yanzu, jini yana zuba bai tsaya ba. Likita ba a ɓoye masa jiki, wannan kiran kuma hukuncinsa ɗaya da gaban likita.

Ɗan Kasuwa, Mile 12:

Na fahimta, Anti. Amma miƙa waya ga wani fa yana da tasa matsalar. Na ga an miƙa wa wani mai wucewa, shi kuma bai ga farkon abin ba, sai ya riƙa faɗin abin da yake zato.

Direban Tanka, Apapa:

Shi ya sa ba a sakar masa wayar a tafi. A buɗe sifika, ku tsaya tare, kai kana nuna masa da hannu yana faɗa. Kuma a zaɓi wanda ya san unguwar, kamar mai shagon magani ko mai POS ko ɗan yuniyon na tashar, domin shi zai faɗi sunan bostop da titi yadda 'yan gari suke faɗa. Mu muna da sunayen da muka raɗa wa wurare a tsakaninmu, irin su layin 'yan albasa, bakin gada, bayan masallacin Juma'a, kuma babu ɗaya daga cikinsu da mai ɗaukar waya zai gani a taswirarsa. Sannan 'yan'uwanmu na kasuwar Kara, bayan gadar Berger, su sani cewa suna cikin jihar Ogun ne, saboda haka su faɗi sunan jihar tun farko.

Ummu Khalil, Agege:

Assalamu alaikum. Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina so in tuna muku da mu matan da ke cikin gida. Maigida yana fita tun asuba ba ya dawowa sai dare, kuma a cikinmu akwai wadda aka kawo ta amarya daga Katsina, ta shekara a gidan ba ta san sunan titin da take ba, domin duk inda za ta da rakiya take zuwa. Idan tukunyar gas ta kama ko yaro ya shiɗe, ba ta da mai POS a kusa, sai maƙwabciya Bayarabiya da suke gaisawa da hannu.

Abin da muka yi a gidanmu shi ne, ɗana babba ya rubuta a kwali da manyan baƙaƙe: lambar gida, sunan titi, bostop mafi kusa, unguwa, ƙaramar hukuma, da kalar ƙofar gidan. An manna shi a bayan ƙofar ɗaki, nesa da wurin girki. A ƙasan kowane layi an rubuta yadda ake furta shi da ajami saboda waɗanda boko ya yi musu nauyi, kuma mun sa kowa ya karanta da ƙarfi har bakinsa ya saba, har da yara 'yan firamare, waɗanda sau da yawa sun fi mu Turanci da Yarabanci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon maza su ɗauki wannan da muhimmanci, kuma su ba iyalansu izini tun yanzu cewa idan abu ya faru su kira agaji kafin su kira maigida, domin na san matan da za su tsaya neman layinsa alhali yana cikin hayaniyar kasuwa ba ya ji.

Alhaji Mai Raguna, Alaba Rago:

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Wannan maganar ta izini ta fi duk abin da aka faɗa shiga raina, kuma a masallaci ya kamata a faɗe ta.

Mai Gadi, Lekki:

Ni ƙarin da zan yi kaɗan ne. A ɓangarenmu akwai Ikota da Ikate, ga Ikoyi, ga kuma Ikotun can wani gefen gari, kuma a waya duk kusan sauti ɗaya ne. Lambar gida kuma a faɗe ta ɗaya-ɗaya, wato 15 a ce "wan, faif", saboda 15 da 50 suna rikicewa a bakinmu. Idan gidan yana cikin estet, a faɗi sunan estet ɗin da ƙofar da za a shiga, a sanar da masu gadin babbar ƙofa, sannan a tura mutum ɗaya ya tsaya a bakin titi da tocila ko ƙyalle yana jiran motar.

Maman Hanif, Idi-Araba:

Haka ne, kuma wannan ya kawo mu kan abin da ke biyo bayan kiran. Kada mutum ya kashe wayar sai wanda ya ɗauka ya sallame shi, kuma kafin ya kashe ya nemi a maimaita masa adireshin domin ya ji ko an rubuta daidai. Bayan haka a bar wannan layin a buɗe, domin masu motar za su iya kiransa idan sun kusa ko sun ɓace. Kiran dangi a Kano da Sakkwato a yi shi da wata wayar. Filashin kuma ba shi da wuri a nan, tunda kiran ba ya cin kuɗi. Sannan a hana yara wasa da waɗannan lambobi, domin hukumomin jihar sun sha kokawa a kan kiran ƙarya da ke toshe layi, kuma mutumin da ke in'ina da Turanci shi ne ya fi shiga haɗarin a ɗauka wasa yake yi. Wannan ma wani dalili ne na fara magana da sunan wuri a fili, domin mai wasa ba ya ba da adireshi.

Lauya Abban Yusra, Ikeja:

Zan rubuta daftarin takarda a kan buƙatar da Alhaji ya kawo, da Turanci da Hausa, in saka shi a nan kowa ya gyara. Abubuwa biyu zan nema a ciki: a tabbatar da masu jin Hausa a kowane zubin aiki na cibiyar, kuma jami'anta su zo kasuwanninmu su yi wa jama'a bayani tare da tafinta. Sai dai takarda daga mutum ɗaya ba ta da nauyi, tana buƙatar sa hannun shugabannin kasuwanni da fadar Sarkin Hausawa.

Baban Safiya, Agege:

Lauya, Allah ya taimaka. Ni kuma zan nemi Maman Hanif ta ɗauki muryarta ta minti biyu da Hausa, ta faɗi jerin nan na wuri, abin da ya faru, yawan mutane da numfashi, tare da yadda ake furta kalmomin, domin a tura a WhatsApp ga 'yan dako da masu gadi da matan gida waɗanda ba za su karanta wannan doguwar tattaunawa ba. Baba Alhaji, batun sa hannun fa?

Alhaji Mai Raguna, Alaba Rago:

Na Alaba Rago ku bar shi a hannuna, zan yi magana da shugabannin kasuwa bayan sallar Juma'a in Allah ya kai mu. Na Agege kai ne a kusa, sai ka nemi wanda zai shigar da kai fada. Mile 12 da Idi-Araba kuma muna jiran wanda zai ɗauka.